Haramta babur: Ina iyakar hukuma, ina iyakar mahayi?

Ya zama tamkar al'ada a Arewacin Najeriya, duk lokacin da 'yan bindiga suka kai wani mummunan hari, kafin a tashi daga zaman makoki sai a ji sanarwar taƙaita hawa babur. Wani lokaci goyo ake hanawa, wani lokaci hawan dare, wani lokaci kuma a ce kada a ƙara ganin babur a kan titi sai abin da hali ya yi. Kusan shekara 20 ke nan ana maimaita wannan mataki, daga Abuja zuwa Maiduguri, daga Kano zuwa Gusau.

Abin da ya ƙara wa muhawarar nauyi a yanzu shi ne tsadar rayuwa. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ya haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ƙaramin babur yakan ci kilomita 40 ko fiye da lita ɗaya, tafiyar da mota sai ta sha lita uku ko huɗu kafin ta kammala ta a cikin gari. Wannan lissafi ne ya sa ma'aikata da 'yan kasuwa da dama suka lulluɓe motocinsu a gida suka koma kan taya biyu. Ke nan dokar da a da ake ganin ta 'yan acaɓa ce kaɗai, yau ta iso ƙofar gidan akawu da malamin makaranta da mai shago a Kantin Kwari.

Abin lura shi ne, ɓangarorin biyu duk da addini suke kafa hujja. Hukuma ta ce kare rayuka wajibi ne da Allah Ya ɗora mata. Mahayi ya ce neman halali da tafiya a doron ƙasa haƙƙi ne da Allah Ya ba shi, ba gwamna ba. Dukkansu suna da gaskiya, amma kowannensu yakan karanta rabin da ya yi masa daɗi ne ya rufe littafin.

Soyayyar da ta girme acaɓa

Kafin babur ya zama sana'a, alama ce ta rufin asiri. Bahaushe ya taso da ganin girman doki, shi ya sa da keke ya shigo ƙasar ya laƙaba masa suna dokin ƙarfe, babur kuma ya gaji wannan matsayi. Lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, babura ƙirar Vespa da Honda da Suzuki da Yamaha na cikin abubuwan da ƙananan ma'aikata suka yi rububin saye. Malamin gona da malamin asibiti da hedimasta, da babur suka riƙa shiga ƙauyukan da mota ba ta zuwa.

Har yau a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato akwai dattawan da suka haura shekara 40 a kan babur. Wasunsu sun samu halin sayen mota, wasu ma 'ya'yansu sun saya musu, amma ba su rabu da mashin ɗinsu ba. Su suke wanke shi da kansu, sun san lokacin yin juye ba tare da an tuna musu ba, suna gane ciwon inji daga ƙararsa tun kafin su kai wa bakanike. Irin wannan dattijo ba ya kallon babur a matsayin alamar talauci. Abin da yake so game da shi shi ne ba ya jiran kowa, ba ya roƙon kowa ya rage masa hanya. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

A wurin wannan mutum, 'yanci da ibada tafiyarsu ɗaya. Da addu'ar hawa da ya koya tun yana makarantar allo yake tayar da inji, addu'ar da ke tunatar da shi cewa Allah ne Ya hore masa abin hawan, kuma gare Shi zai koma. Da babur yake riskar sallar jana'iza a wata unguwa, ya duba mara lafiya a asibiti, ya kai wa 'yar'uwarsa ta ƙauye ɗan hasafi ranar Juma'a. An ce zumunta a ƙafa take. Ga mai ƙaramin ƙarfi, babur ne ƙafar.

Acaɓa daga baya ta zo. Shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986 ya karya darajar Naira, motocin haya suka yi tsada, sannan masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Da babura masu araha irin su Jincheng daga ƙasar Sin da Bajaj daga Indiya suka cika kasuwa, sai dubban matasa suka samu sana'ar da ba ta neman takardar makaranta ko sanin wani babba. Gwamnatoci da 'yan siyasa da kansu sun raba babura masu yawa da sunan tallafin dogaro da kai.

Yadda abin hawa ya zama abin zargi

Takunkumin farko da ya yi tashe a Arewa ba na tsaro ba ne. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, bisa dalilin hana cakuɗuwar maza da mata, ta kuma kawo babura masu ƙafa uku waɗanda suka ari sunan shirin gyaran tarbiyya na A Daidaita Sahu. A watan Oktoban 2006 kuma Ministan Abuja na lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, ya kori acaɓa daga tsakiyar birnin tarayya.

Daga nan sai jini ya shigo cikin lamarin. A ranar 1 ga Janairu, 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano, wasu mahaya suka mayar da abin wasa, suna kifa ƙwarya ko tukunya a ka. A watan Yunin shekarar, a Maiduguri, taƙaddama kan wannan hula ta haɗa jami'an rundunar Operation Flush da mabiya Muhammad Yusuf da ke kan hanyar kai gawa maƙabarta, aka harbi 17 daga cikinsu. Hular kwano ba ita ta haifi Boko Haram ba, domin aƙidar ta riga ta yi saiwa, amma ƙasa da wata biyu bayan haka rikicin Yulin 2009 ya ɓarke. Da ƙungiyar ta dawo da salon kisan ɗauki ɗai-ɗai a kan babura, gwamnatin Kashim Shettima ta haramta babur a Maiduguri a watan Yulin 2011.

Kano ta bi sahu bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero a ranar 19 ga Janairu, 2013 kusa da Masallacin Murtala, inda direbansa da wasu dogarawansa suka rasa rayukansu. Cikin mako guda gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin.

A Arewa maso Yamma kuwa, 'yan fashin daji ne suka mayar da babur dokin yaƙi. A kansa suke fitowa daga daji cikin ayari, mutum biyu ko uku a kan kowanne, kamar yadda aka gani a sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020. Tsakanin Agusta da Satumban 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna suka ɗauki tsauraran matakai: Zamfara ta taƙaita hawan dare, aka kuma katse layukan waya, Katsina ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi da sayar da mai a jarka, Kaduna ta dakatar da hawa babur na wata uku. Bayan fasa gidan yarin Kuje a ranar 5 ga Yuli, 2022, Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya bayyana cewa Majalisar Tsaro ta Ƙasa tana duba yiwuwar haramta babur a faɗin Najeriya. Ba a kai ga aiwatar da hakan ba, amma furucin kaɗai ya nuna inda tunanin masu mulki ya karkata.

Me haramcin ya haifar?

Adalci ya wajabta a faɗi inda dokar ta yi amfani. A cikin birni, inda akwai shingayen bincike da wani abin hawa da zai maye gurbi, hana goyo ya rage wa masu harbi su tsere ta lungu sauƙin aikinsu. Mazauna Maiduguri da Kano sun ga raguwar wannan salon hari, duk da cewa ƙoƙarin jami'an tsaro da na matasan sa-kai ma yana da kaso a ciki.

A karkara labarin ya bambanta. Ɗan fashin daji ba ya bin kwalta, ba ya tsayawa a shinge, ba ya sauraren sanarwar kwamishina a rediyo. Wanda dokar ke kamawa shi ne manomin da zai kai buhun masara kasuwa, da magidancin da matarsa ta fara naƙuda da tsakar dare, asibiti kuma yana da nisan kilomita 20. A irin waɗannan garuruwa babur shi ne motar asibiti, shi ne kuma abin gudun ceton rai idan an ji ƙarar bindiga. Hana shi yakan bar ɗan ta'adda a kan babur, wanda ake farauta kuma a ƙasa. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta gwada irin wannan magani. Ta hana babur a yankin Diffa a 2015, sannan a sassan Tillaberi daga Janairun 2020. Duk da haka, a ranar 2 ga Janairu, 2021, mahara a kan babura suka afka wa ƙauyukan Tchoma Bangou da Zaroumdareye suka kashe mutum kusan 100. Shekara guda da kafa dokar, baburan da suka ɓace daga hanya na masu bin doka ne kaɗai.

Akwai kuma tambayar da ba a cika amsawa ba: ina matashin da aka raba da sana'arsa yake zuwa? Wasu sun koma tuƙin A Daidaita Sahu, wasu sun tafi ci-rani Kudu, inda suka sake cin karo da wata dokar. Jihar Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, ta tsananta dokar daga 1 ga Yuni, 2022 bayan kisan gillar da aka yi wa wani mutum a Lekki, wanda aka zargi wasu 'yan acaɓa da aikatawa. A watan kaɗai aka murƙushe babura sama da 2,000 da aka kama, kuma sanin kowa ne 'yan Arewa na da yawa a wannan sana'a a can. Kowane babur da aka markaɗe jarin wani gida ne, sau da yawa ma na bashi ne da ake biya kullum.

Ma'aunin da addini ya ɗora wa hukuma

Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro da zaman lafiya, matuƙar dokar abin karɓa ce a hankalce a ƙasar dimokuraɗiyya. Malaman fiƙihu sun riga sun shimfiɗa ma'auni makamancin wannan tun ƙarnuka da dama. Sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare: addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Rai yana gaban dukiya, don haka shugaba na da damar taƙaita halal idan rayuka na cikin haɗari. Sai dai sun gindaya sharaɗi, cewa lalura gwargwadonta ake auna ta, idan ta kau hukuncinta ya kau. Dokar da aka kafa ta wata uku ta shekara goma ba tare da wani ya zauna ya sake duba ta ba, ta fita daga babin lalura.

Sharaɗi na biyu shi ne laifin wani ba ya hawa kan wani. Wannan ƙa'ida ce da Alƙur'ani ya nanata, Littafi Mai Tsarki ma ya zo da ita a Ezekiyel, don haka Musulmi da Kirista ba su da saɓani a kanta. A cikin ingantattun hadisai akwai labarin wani Annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu baki ɗaya, Allah Ya yi masa gyara kan halaka al'umma guda saboda laifin ɗaya. Idan an kiyaye wa tururuwa wannan haƙƙi, magidanci mai iyali ya fi cancanta da shi.

Tarihin ƙasar Hausa ma yana da abin cewa. A littafinsa Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa ɗabi'un mulkin zalunci da ya soki sarakunan zamaninsa da su, daga ciki har da ƙwace dabbobin sufurin talakawa ba da izininsu ba. Duk jami'in da ya tsare hanya ya kama babur, ba rasit, ba kotu, sai ciniki a bayan mota, ya kamata ya san a wane layi littafin ya ajiye shi. Irin wannan kame ne ke mayar da dokar tsaro hanyar tatsar talaka, ya kuma sa jama'a su daina ganin girmanta.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari

Mahayin da ke cewa Allah ne Ya ba shi 'yanci, wajibi ne ya karɓi sauran karatun. Addinin da ya ba shi damar tafiya shi ne ya ce hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da cuta daga kanta yanki ne na imani. Bin hannun da ba naka ba, ƙetare danja, ɗora mata da 'ya'ya huɗu a kan mashin ɗaya, miƙa wa yaro ɗan shekara 12 makulli, wasan ganganci a ranar ɗaurin aure, babu ɗaya daga cikinsu da ke da mafaka a addini. Haka nan taron dangi da wasu mahaya kan yi wa direban mota idan an yi karo, tun kafin a san mai gaskiya. Wannan ɗabi'a ta zubar da mutuncin sana'ar fiye da duk wata sanarwar gwamnati, ita ce kuma ta sa jama'a da dama ba su tausaya ba lokacin da aka kori acaɓa daga birane.

Batun hular kwano ya fi kowanne fito da wannan saɓani fili. Sau da yawa akan ji mahayi na cewa abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya fi kowa tawakkali, ya sanya sulke da kwalkwali a yaƙin Uhudu, ya kuma umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanya hular kwano yadda ya kamata na iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kashi 74 cikin 100. Rai amana ce a hannun mai shi, ba mallakarsa ba ce da zai yi caca da ita. Abin da ya faru a Maiduguri a 2009 ya isa darasi ga kowa: fassara 'yanci da cewa babu dokar da za a bi hanya ce mai kai wa ga halaka, tilasta doka da bakin bindiga ma haka.

Dattawan nan da suka shekara 40 a kan babur ba tare da sun taɓa buge kowa ba, su ne hujja a kan ɓangarorin biyu. Sun nuna wa hukuma cewa babur ba shi ne laifi ba, sun kuma nuna wa matasa cewa daɗewa a kan hanya sai da ladabi.

Ina mafita?

Aikin da ke gaban gwamnatoci shi ne rarrabe babur ɗin mai laifi da na mai neman abinci, aikin da ya fi fitar da sanarwa wahala. Ƙasar Ruwanda ta gwada korar masu acaɓa daga birnin Kigali a 2006, ta janye ba da jimawa ba, ta koma ga tsari: rajista, riga mai lamba, hular kwano biyu, da ƙungiyoyin da ke ɗaukar alhakin 'ya'yansu. A nan gida akwai tubalan yin haka. Akwai lambar shaidar ɗan ƙasa, akwai ƙungiyoyin masu acaɓa irin su ACOMORAN, akwai masu unguwanni da dagatai da suka san kowane gida. Babur ɗin da ke da lamba, mai shi kuma yana da mai tsaya masa, ba shi ne abin tsoro ba.

Na biyu, a bi sawun kayan maimakon a bi mahayin. 'Yan bindiga ba sa ƙera babur a daji, ba sa tace mai a can. Akwai dilan da ya sayar, akwai mai dakon jarkoki, akwai mai kai kayan gyara. Tilasta wa dillalai ajiye sunan duk wanda ya saya, da sa ido kan masu sayen babura da yawa a lokaci guda, zai fi cutar da ɗan fashi fiye da tsare malamin firamare a shataletale.

Na uku, duk inda lalura ta sa dole a taƙaita hawa, dokar ta fito da iyakar wuri da ranar ƙarewa, ta keɓe ma'aikatan lafiya da masu ɗauke da mara lafiya, majalisar dokokin jiha kuma ta riƙa neman bayanin abin da aka cim ma kafin a sabunta ta. Tarar da za a ci mai laifi ta shiga asusun gwamnati da rasit, babur ɗin da aka kama kuma kotu ce za ta yanke makomarsa.

Malamai da limamai da fastoci ma suna da nasu kason. Mumbarin da ke jan hankalin shugabanni kan zalunci, shi ya fi dacewa ya gaya wa matashi cewa gudun wuce sa'a a unguwar da yara ke wasa zunubi ne, ya kuma gaya wa mai sayar wa 'yan daji mai cewa yana da kamasho a duk jinin da aka zubar.

Matuƙar lita tana neman fin ƙarfin albashi, adadin masu hawa babur ƙaruwa zai yi, da doka ko ba doka. Zaɓin da ya rage wa gwamnoni shi ne ko dai su san waɗannan mutane da sunayensu da lambobinsu su mayar da su idon hukuma a lunguna da ƙauyuka, ko kuwa su ci gaba da korar su daga titi duk lokacin da aka kai hari, alhali wanda ya kai harin ya riga ya koma daji da tankinsa cike.